Yadda Ake Rufe Titin Kasuwanci Ga Motoci Ba Tare Da An Kashe Ciniki Ba

Kafa turakun ƙarfe a bakin titi aikin yini guda ne. Abin da ke cin watanni shi ne samar da mafita ga duk hidimomin da mota take yi wa titin kafin a hana ta shiga: kawo kaya shaguna, kwashe shara, kai mara lafiya asibiti, sauke tsoho a ƙofar kanti. Titunan da aka rufe suka mutu, yawancinsu a nan suka faɗi, ko kuma tun farko an zaɓi titin da ba shi da jama'a. Hana mota shiga ba ya haifar da masu sayayya daga ƙasa. Fili yake ba wa waɗanda dama suke zuwa, su sake, su daɗe, su dawo.

Wane titi ya cancanta

Titin da ya fi dacewa shi ne wanda mutane suka riga suka cika gefensa har suna gangarowa kan kwalta suna goga kafaɗa da motoci. Kada a dogara da gani da ido, a ƙirga. A tsayar da mai ƙirga a wurare uku: farkon titin, tsakiya da ƙarshe. Kowace awa ya ƙirga masu wucewa a ƙasa na minti 10, a ninka da 6, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare. A yi haka ranakun aiki biyu da kuma ranar da ta fi cika a mako, sannan a maimaita a wani yanayi na shekara, domin lissafin lokacin ruwa daban yake da na rani. A ƙirga kekuna da babura daban.

Motoci kuwa, adadinsu kaɗai ba ya faɗin komai. Abin nema shi ne nawa ne masu zuwa titin, nawa ne masu ratsawa. A ajiye mutum biyu a bakunan titin suna rubuta haruffan ƙarshe na lambar kowace mota da lokacin da ta wuce. Wadda ta bayyana a takardun biyu cikin minti biyar ratsawa kawai ta yi, ba ta sayi ko allura ba. A titunan tsakiyar gari sau da yawa waɗannan ne suka fi yawa, kuma wannan lissafin ne za a riƙe a hannu ranar da muhawara ta yi zafi.

Sai a dubi fuskar gine-ginen. Masanin tsara birane na ƙasar Danmak, Jan Gehl, yana ɗaukar titi mai ƙofofi 15 zuwa 20 a kowace mita 100 a matsayin mai rai. Inda doguwar katangar banki ko ta ma'aikata ta cinye mita 60 ba ƙofa ba taga, mai tafiya yakan juya kafin ya kai ƙarshe. Faɗi ma yana da tasiri: mutum ɗari a titi mai faɗin mita 12 taro ne, a titi mai mita 35 kuwa kufai ne. A kuma tambaya, wa ke nan bayan an rufe shaguna? Idan babu mazauna a saman benaye ko a lungunan kusa, babu gidajen abinci, babu abin da ke buɗe da dare, to fitilun motocin da aka kora su ne kaɗai idon da ke kan titin, kuma za a ji rashinsu.

Amurka ta biya kuɗin wannan darasi. Daga 1959, lokacin da garin Kalamazoo ya rufe wani sashe na titin kasuwancinsa, garuruwa wajen 200 sun bi sahu, da fatan jawo masu sayayyar da suka riga suka koma manyan kantunan bayan gari. Akasarinsu daga baya an mayar da motoci. Titin State na Shikago an hana shi ga motocin gida a 1979, aka bar bas-bas, aka sake buɗe shi a 1996. Waɗanda suka rayu galibi gajeru ne, kusa da jami'a ko wurin da baƙi ke ziyarta. Saboda haka a fara da mita 200 zuwa 400, tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba. Titin Strøget na birnin Kopenhagen a Danmak, wanda aka rufe a watan Nuwamba na 1962, ya kai kusan kilomita ɗaya da ɗoriya, amma shi dama can cike yake da masu tafiya, kuma birnin ya ɗauki shekaru da dama yana ƙara tituna ɗaya bayan ɗaya.

Ina motocin za su bi

Wannan ce tambayar farko da kowa zai yi, kuma tana da amsa biyu. Ta ɗaya, wani kaso na zirga-zirgar yakan ɓace. Nazarin da Sally Cairns da Stephen Atkins da Phil Goodwin suka wallafa a 2002 ya duba wurare sama da 70 da aka rage wa motoci fili, kuma a rabin wuraren fiye da kashi 11 cikin 100 na motocin ba a sake ganinsu a kewayen ba. Wasu direbobi sun sauya lokaci, wasu sun haɗa tafiya biyu a ɗaya, wasu sun hau bas. Ta biyu, sauran ba sa ɓacewa, kuma idan ba a zaɓa musu hanya ba za su zaɓa wa kansu, su malala cikin lungunan unguwa inda yara ke wasa.

Don haka taswirar aikin ta wuce titin da ake rufewa da aƙalla mita 500 ta kowane ɓangare. A fitar da babbar hanyar da masu ratsawa za su bi, a gyara lokutan danja a mahaɗunta, a kafa allunan sanarwa tun kafin direba ya iso inda ba zai iya juyawa ba. Ƙananan titunan da ke kwance kusa da wanda aka rufe, a mayar da su masu hannu ɗaya da ke fuskantar juna, ko a toshe tsakiyarsu da turaka, yadda mazauni zai kai gidansa amma mai neman yanke ba zai fita ta ɗaya bakin ba. Groningen ta ƙasar Holan ta yi wannan a babban mataki a 1977: ta raba tsakiyar gari gida huɗu, mota ba ta tsallakawa daga wani zuwa wani sai ta fita hanyar kewaye, alhali keke da mai tafiya suna wucewa kai tsaye. Ghent ta Beljiyam ta bi irin wannan tsari a 2017.

Titunan da ke gitta wanda aka rufe su ne wurin haɗari. Ko a rufe su su ma, ko a ɗaga mahaɗar ta yi daidai da inda mutane ke takawa, ta yadda direba zai ji ya hau wani abu ya rage gudu. Kada a bar mai tafiya ya saki jiki na mita 150 sannan ya faɗa cikin mahaɗa mai gudun kilomita 50 a awa.

Bas na da nasa lissafi. Idan aka kawar da shi, tashar da aka mayar kada ta wuce tafiyar minti biyu zuwa uku daga bakin titin, in ba haka ba an kori masu sayayya mafi yawa da hannu. Barinsa a ciki kuma ba shi da sauƙi. A titin Mariahilfer na birnin Viyana, lokacin gwajin rufe shi a 2013, an bar bas yana ratsa sashen masu tafiya, direbobinsa suka koka da haɗarin, aka sauya masa hanya.

Masu shaguna

Kusan ko'ina su ne kan gaba wajen adawa, kuma bai kamata a raina tsoronsu ba, tunda jarinsu ne a kan faifai. Sai dai akwai kuskure ɗaya da ake ta samu: mai shago yakan ɗauka yawancin kwastomominsa da mota suke zuwa, musamman idan shi ma da mota yake zuwa. A birnin Graz na Austriya a 1991, 'yan kasuwa sun ƙiyasta kashi 58 cikin 100, da aka tambayi masu sayayyar sai aka samu kashi 32. A wasu titunan kasuwanci biyu na Berlin, binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna masu shaguna sun ce kusan kashi 22, gaskiyar kuwa kusan kashi 7 ce.

Kawo musu alƙaluman wani gari ba ya gamsar da kowa. A yi nasu. A tsaya ƙofar shaguna a yi wa mutum 300 zuwa 500 tambayoyi huɗu: da me ka zo, daga wace unguwa, sau nawa kake zuwa a wata, kimanin nawa ka kashe yau. A sa wakilan 'yan kasuwar su ga takardar tambayoyin kafin a fara, in da hali yaransu na shago su shiga aikin, don kada a ce an dafa sakamakon. Kafin a fito da shi, kowane mai shago ya rubuta nasa hasashen a takarda. Gani ya kori ji.

A kuma faɗa musu gaskiya cewa ba kowa zai ci riba ba. Gidajen abinci, masu tufafi, takalma, magunguna da ƙananan kaya su suka fi amfana. Mai sayar da firij, katifa, siminti ko kayan gyaran mota yana buƙatar mota a ƙofa, kuma idan irinsu ne suka fi yawa a titin, to an zaɓi titin da bai dace ba. Idan kaɗan ne, a ba su izinin lodi na musamman ko ƙofar baya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: titin da ya yi kyau hayarsa takan tashi, kuma ƙaramin ɗan kasuwar da ya jure ƙurar gini shi ne na farkon da mai gida zai sallama. Duk mai haya ya nemi sabunta yarjejeniyarsa na shekaru kafin a fara aikin.

Doka kafin fenti

A tabbatar wace hukuma ce ke da ikon titin da kuma ikon hana ababen hawa, domin sau da yawa ba ɗaya ba ce. A rubuta umarnin: wane sashe, waɗanne awanni, wa aka keɓe, har zuwa yaushe. A Ingila dokar gwaji ta zirga-zirga tana aiki har tsawon wata 18, daga nan ko a tabbatar ko a janye. Berlin ta rufe wani sashe na titin Friedrichstraße a 2020 a matsayin gwaji, wa'adin ya ƙare titin ya ci gaba da zama a rufe, wata 'yar kasuwa ta kai ƙara, kotu ta ce a watan Oktoba na 2022 babu hurumin doka, aka buɗe wa motoci. Ranar da gwaji zai ƙare, takardar mataki na gaba ta riga ta zama a shirye.

Gwaji da kaya masu araha

Kada a fasa kwalta da farko. A fara da rana ɗaya a mako, irin yadda Bogota, babban birnin Kolombiya, take rufe manyan titunanta ranar Lahadi tun shekarun 1970, sannan a koma kowace rana na wata shida zuwa shekara. Gwajin mako biyu ba ya nuna komai sai ruɗani, domin direbobi kan ɗauki makonni kafin su saba da sabuwar hanya, kuma a makonnin nan ne cunkoso ya fi muni. A sanar da jama'a haka tun kafin ya faru.

Kayan gwajin su ne manyan tukwanen shuka na kankare a bakuna, fenti mai kauri a kan kwalta don a ga wuri ya sauya, kujeru da tebura da laimomi, kwandunan shara, da ma'ajiyar kekuna. Lokacin da New York ta rufe sashen titin Broadway da ke dandalin Times a watan Mayu na 2009, kujerun shan iska masu araha aka fara zubawa, mutane suka cike su nan take. Rahoton hukumar sufurin birnin ya nuna raunukan masu tafiya sun ragu da kashi 35 cikin 100, aka tabbatar da tsarin a 2010, ginin dindindin ya zo bayan shekaru. Abin koyi a nan shi ne kada a bar filin fayau ko da yini ɗaya. Kwalta tsirara mai layin fenti na motoci tana gaya wa kowa cewa titi ne da aka toshe, mutane za su ci gaba da rakuɓewa a gefe. Kigali, babban birnin Ruwanda, ta rufe wani titin tsakiyarta a 2015, ya daɗe a haka 'yan kasuwa suna kuka, sai a 2021 aka gyara shi da wuraren zama da shuke-shuke. A Curitiba ta Brazil kuwa, magajin gari Jaime Lerner ya sa an shimfiɗa sashen farko na titin Quinze de Novembro cikin kwana uku a 1972, da direbobi suka yi shirin kutsawa sai suka tarar da yara zaune a ƙasa suna zane a kan takardu.

Kafin ranar farko a rubuta ma'aunin da za a yanke hukunci da shi, kowa ya sa hannu: adadin masu tafiya, adadin masu zama, shaguna nawa ne babu kowa, haɗurra, yawan motoci a lungunan kewaye, lokacin da bas ke ɗauka, da cinikin shagunan da suka yarda su bayar a asirce. A kwatanta da wani titi mai kama da shi da ba a taɓa ba. In ba haka ba, duk faɗuwar ciniki da tsadar rayuwa ta jawo za a ɗora wa turaka, duk tashin da biki ya kawo kuma hukuma za ta ce aikinta ne.

Sauke kaya da kwashe shara

A bi shago-shago a rubuta: mota nawa ke kawo kaya a mako, wane girma, ƙarfe nawa, minti nawa take tsayawa, akwai ƙofar baya ko babu. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne a buɗe titin ga motocin kaya da sassafe, misali daga ƙarfe 6 zuwa 10 ko 11, da gudun tafiyar ƙafa, shiga ta baki ɗaya fita ta ɗaya don kada babbar mota ta yi ribas cikin mutane. Motar shara ta shigo cikin wannan lokaci.

Kayan da ke zuwa da rana, a tanadar musu wuraren lodi a titunan da ke gitta, kowanne tsawon mita 8 don ƙaramar motar kaya ko 12 don babba, kuma kada shago ya yi nisan fiye da mita 50 zuwa 100 daga ɗaya. Daga nan kura, baro ko keken dako su ƙarasa. Matsalar da ke kashe wannan tsari ita ce masu motocin gida su mamaye wurin lodin tun safe. A sa iyakar minti 20 ko 30, a sa mai tsaro, a ci tara tun makon farko. Idan direban kaya ya zo sau biyu bai samu wuri ba, karo na uku zai kawar da tukunyar shuka ya shiga, sauran su bi shi.

Izinin musamman kuwa a yi masa rowa. Mazauni mai gareji a cikin titin, motar jana'iza, masu gyaran famfo da lantarki, motar kuɗin banki, waɗannan sun isa. Da zarar an fara raba takardar shiga ga manya da abokan manya, cikin wata uku titin ya zama wurin fakin na masu alfarma.

Hanyar gaggawa da turaka

A kira 'yan kwana-kwana tun ana zane, a ce su kawo motarsu mafi girma ranar gwaji ta bi titin daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar Ingila tana neman faɗin mita 3.7 da ƙasa mai ɗaukar tan 12.5, ko tan 17 idan motar mai tsani ce. Ƙa'idar da yawancin biranen Amurka ke bi tana neman kusan mita 6. A bi ta ƙasar da ake ciki, kuma a bar sama da mita 4 a buɗe ta sama, ba rumfa, ba waya, ba reshe. Wannan tsiri na tsakiya kada a kafa komai a cikinsa. A shata iyakarsa da launin bulo ko ƙusoshin ƙarfe a ƙasa, domin teburan gidajen abinci suna da tafiya: taku ɗaya kowane mako, har su haɗe.

Turaka iri uku ne. Kafaffe, wanda ba ya motsi. Mai cirewa da kwaɗo, mai araha, wanda aibinsa shi ne makulli yakan yaɗu ko a cire shi da safe a manta a mayar. Sai mai nutsewa ƙasa da inji, wanda ya fi daɗin aiki ya kuma fi lalacewa: raminsa yana tara ruwa da yashi, yana tsayawa idan wuta ta ɗauke, kuma direban da ya manne wa motar gabansa yakan sha shi a ƙarƙashin inji. Duk inda za a sa shi, a haɗa ramin da magudana, a tanadi batir da hanyar saukar da shi da hannu, a kuma ƙulla yarjejeniyar gyara kafin a saya. Inda babu tabbacin gyara, ƙofar ƙarfe da mai gadi sun fi shi.

Tazarar mita 1.5 tsakanin turaka tana barin keken guragu da keken dako su wuce, tana tare motar gida. Inda ake tsoron a afka wa taro da mota da gangan, kamar yadda aka yi a titin La Rambla na birnin Basalona a 2017, tazarar kada ta wuce mita 1.2, kuma turakun su zama waɗanda aka gwada da karo, masu tushe mai ƙarfi. Tsayinsu ya kai kusan mita ɗaya, da zobe mai ƙyalli, don mai raunin gani da mai keke da dare.

Keke, da ɗan'uwansa babur

Ko a bar keke ya ratsa ko a'a, lissafi ne. Ƙa'idar Holan tana raba adadin masu tafiya a awa da faɗin filin da ya rage a mita. Ƙasa da 100, a bar su su cakuɗa. Daga 100 zuwa 160, a shata wa keke tsiri da launi ba tare da tudu ba. Daga 160 zuwa 200, tsirin ya zama da ɗan bambancin tsayi. Sama da 200, haɗa su ba ya yiwuwa. Misali, titi mai faɗin mita 12 da tebura da bencina suka cinye 4, saura 8. Idan mutum 1,000 ke wucewa a awa, an samu 125, wato rukuni na biyu. Tunda adadin yana sauyawa da lokaci, ana iya barin hawa da safe da dare, a ce a sauka a tura a awannin cika.

Kuskuren da ake yi shi ne zana miƙaƙƙiyar hanyar keke mai faɗi a tsakiya. Mai keke zai ɗauke ta tasa ce ya saki gudu, mai tafiya kuma ya koma duba hagu da dama kamar da, kuma wannan na cikin abin da aka soki gwajin Friedrichstraße da shi. Mai sauri a ba shi hanya mai kyau a titin da ke kusa, zai zaɓe ta da kansa. Ma'ajiyar keke kuwa a kafa ta a kowane baki da kowace mahaɗa, a fili inda ido ke gani. Ƙarfe mai siffar ƙofa, tsayin santimita 75 zuwa 80, tazarar mita ɗaya, yana ɗaukar keke biyu, kuma wurin fakin mota ɗaya yana ɗaukar kekuna wajen 10. Irin wadda ke riƙe tayar gaba kaɗai tana lanƙwasa wili, ɓarawo kuma ya kwance taya ya tafi da sauran.

Babur ba shi da maganin ƙarfe. Duk ratar da keken guragu zai wuce, babur zai wuce, kuma shingen zigizag da ake sawa dominsa nakasassu da masu keken jarirai yake hanawa. Abin da ke aiki shi ne wurin ajiye babura da sauke fasinja a bakunan titin daidai, da jami'ai a tsaye a watannin farko, da tara wadda ba a roƙo.

Wanda ba ya iya doguwar tafiya kuma, a ware masa wurin fakin da wurin saukar tasi a mahaɗa mafi kusa, cikin mita 50 in da hali. Masu zuwa da mota daga nesa a nuna musu inda za su ajiye da allo mai faɗin minti nawa ne a ƙafa. Pontevedra ta Sifaniya, wadda ta fara fitar da motoci daga tsakiyarta a 1999, ta buga taswira mai kama da ta jirgin ƙasa da ke nuna mita da mintuna tsakanin wurare, don mutane kan zaci nisan ya fi yadda yake.

Ginin dindindin

Idan gwaji ya yi kyau, kafin a shimfiɗa komai a tara masu ruwa, lantarki, waya da magudana su gama duk tonon da suke da shi. Babu abin takaici kamar sabon daɓe da aka fasa bayan wata huɗu aka like da kwalta.

Ƙasan ta zama bai ɗaya daga bango zuwa bango, da gangaren kusan kashi 2 cikin 100 daga ƙofofin shaguna zuwa magudana a tsakiya ko gefen tsirin gaggawa. A kula sosai a nan: dakalin gefen titi da aka cire shi ne yake tare ruwan sama, idan aka ɗaga tsakiya ba a sake lissafin magudana ba, ruwan farko cikin shaguna zai kwana. Bulon shimfiɗa mai kaurin santimita 6 na ƙafa ne kawai. Inda motar kaya da ta kashe gobara za su taka, a sa mai santimita 8 zuwa 10 a kan tushe da aka daddaɓe da kyau, domin yawancin bulon da ke lotsawa laifin abin da ke ƙarƙashinsa ne. A guji dutse mai sulɓi da mai ƙulu-ƙulu. Makaho kuma da bakin dakali yake gane hanya da sandarsa, don haka idan an cire shi a shimfiɗa layin bulo mai tudu-tudu da zai bi, a bar aƙalla mita 2 a jikin shaguna ba allo ba kaya.

Benci kowace mita 50, tsayin santimita 45 zuwa 50, wasu da majingina da hannu don tsofaffi su iya tashi, kuma a inuwa. Wurin zaman da ba sai an sayi shayi ba shi ne ke bambanta titin jama'a da farfajiyar gidan abinci. Bishiya tana buƙatar ƙasa fiye da yadda ake zato: ƙa'idar Jamus tana neman rami mai girman mita kubik 12, kuma wadda aka dasa a ramin mita ɗaya ko ta tsumbure ko saiwarta ta ɗaga bulo. A sa kuɗin ban ruwa na shekara uku cikin kwangila. Fitilu a sauko da su zuwa mita 4 ko 5, kusa da juna, su haska fuskar mutum, maimakon dogayen na motoci masu haska kwalta.

Masu kasa kaya da masu talla za su zo, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, kuma suna cikin abin da ke raya titi. A shata musu gurabe masu lamba a wajen tsirin gaggawa, a ba da izini, a fara da waɗanda dama suke wurin. A rubuta wa ke shara, sau nawa a rana, wa ke gyara benci da fitila, daga wane asusu, kuma a ajiye bulo na ƙari kamar kashi 5 cikin 100 a sito, tunda bayan shekara biyar da wuya a sami launi iri ɗaya.

Lokacin gini shi ne ya fi kashe shaguna, fiye da rufewar kanta. A yi shi gaɓa-gaɓa, mita 50 zuwa 80 a lokaci guda, a gama a buɗe kafin a matsa gaba. Kowace ƙofa a ɗora mata gadar katako mai faɗin da keken guragu zai hau, a rataya sunayen shagunan da ke bayan shinge a jikin shingen, a kauce wa watannin da ciniki ya fi tashi a shekara, kuma a rubuta wa ɗan kwangila tarar kowace rana da ya ƙara a kan wa'adi. A ba 'yan kasuwa lambar mutum ɗaya wanda ke da ikon sa a kawar da tulin yashi daga ƙofar shago kafin azahar.